Faɗan Karnuka Zalunci Ne, To Farautarmu Fa?

Wani saurayi ne ya ɓata mini rai a teburin mai shayi, ko in ce dattawan da ke wurin ne suka ɓata mini. Yaron yana nuna wa abokansa wani bidiyo a waya. Karnuka biyu ne a cikin ɗan shingen katako, ɗaya ya cafke muƙamuƙin ɗaya ya ƙi saki, jini ya jiƙa ƙasa, mutane sun kewaye suna ihu da kuɗi a hannu. Wani dattijo ya leƙa, ya kau da kai, ya ce, "Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Wannan ai zalunci ne."

Yaron ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Baba, to ku da kuke sakar wa zomo ɗaya karnuka goma fa? Shi ba rai gare shi ba?"

Aka yi dariya, aka shiga wata hirar. Babu wanda ya ba shi amsa, kuma wannan shirun ne ya tsaya mini a rai. Amsa tana nan. Sannan rabin maganar yaron ma gaskiya ce.

Ga inda na tsaya. Haɗa dabbobi faɗa don a kalla, karnuka ne ko zakaru ko raguna, zalunci ne tsagwaronsa, ban ga uzurin da zai wanke shi ba. Farauta kuwa daban take: halal ce, sana'a ce mai asali. Sai dai halaccinta yana da sharuɗɗa, kuma da yawa daga abin da muke kira farauta a yau ya tsallake sharuɗɗan, ya zama ƙanin abin da ke cikin wayar yaron nan. Abin da nake aunawa da shi guda ɗaya ne. Wahalar da dabbar ta sha, ita ake nema, ko wani abu ake nema aka bi ta kanta ala tilas?

"Ai halinsu ne, ko ba a haɗa su ba za su yi"

Wannan ce hujjar da masu abin suka fi kawowa, kuma ita ce ta fi rauni.

Kowa ya taɓa ganin karnuka suna faɗa a bola ko a bayan mahauta. Yaya ake ƙarewa? A yi gurnani, a yi kukan kura, a ɗan cacumi juna, kafin ka ankara ɗaya ya matse wutsiya ya ranta a na kare. Wanda ya yi galaba ya bi shi taku kaɗan ya dawo kan ƙashinsa. Faɗan dabba yana da ƙofar fita, kuma mai rauni ya san inda take.

Aikin masu haɗa karnuka shi ne toshe wannan ƙofa. Tun daga iri ake farawa: a zaɓi karen da ba ya ja da baya ko da ƙafarsa ta karye, a yi ta haɗa shi barbara da irinsa, zuriya bayan zuriya. A ɗaure shi da sarƙa mai nauyi, a ware shi daga 'yan uwansa, a sa shi gudu a kan injin motsa jiki har ya yi laushi. Ranar karawa a auna nauyin kowanne, a yi musu wanka a gaban jama'a don kada wani ya shafa wa nasa guba a gashi. In ɗaya ya juya baya sai a raba su, a mayar da kowa kusurwarsa, a sake saki. A haka ana iya cin awa guda ko fiye. Duk wannan tanadi wa ya yi shi, kare ko mutum?

A 2007 aka kama Michael Vick, tauraron ƙwallon Amurka na ƙungiyar Atlanta Falcons, mutumin da ke riƙe da kwantiragin dala miliyan 130. A wani gida nasa a jihar Bajiniya aka tarar da karnukan faɗa kusan 50. Shi da abokansa sun amsa cewa karnukan da ba su taɓuka abin kirki ba a gwaji, kashe su aka yi, wasu ta hanyar rataya, wasu aka danna su a ruwa. A Disambar shekarar aka yanke masa ɗaurin wata 23.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni hujja. Kafin lokacin, karen da aka ƙwato daga irin wannan gida kashe shi kawai ake yi, a ce ya riga ya lalace. Wannan karon kotu ta sa masana suka duba su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tak aka samu wanda zafinsa ya sa dole a kashe shi. Guda 47 aka raba su ga gidajen kula da dabbobi da masu riƙo, da dama daga cikinsu suka ƙare rayuwarsu a gidajen mutane. To ina halin da aka ce nasu ne?

"Ku ba kwa yanka rago?"

Muna yankawa, kuma ba na cikin masu cewa a daina cin nama. Amma je ka kwata ka tsaya ka kalli mahaucin da ya san aikinsa. Zai wasa wuƙa tun kafin a kawo dabbar. Zai kwantar da ita, ya yi bismilla, ya ja sau ɗaya. Ranar Layya kuwa in wani sabon shiga ya zo da dakusasshiyar wuƙa yana ta goga wa rago a wuya, tun kafin liman ya ji labari mutanen gida za su ƙwace wuƙar su ce, "Haba, kana azabtar da shi!"

Da za a iya gama yanka cikin ƙiftawar ido, da kowa ya fi so, kuma naman bai ragu da ko tsoka ɗaya ba. Da faɗan karnuka zai ƙare cikin ƙiftawar ido, da 'yan kallo sun nemi a mayar musu da kuɗinsu. A wurin mahauci zafin da dabba ke ji abu ne da ake ƙoƙarin ragewa. A wurin mai shingen katako zafin shi ne hajar da yake sayarwa, kuma iya tsawonsa iya cinikinsa.

Haka maharbi na gaskiya. Ba a yi masa kirari don ya sa barewa ta daɗe tana shure-shure. Ana yabonsa ne don ba ya harbi biyu.

Abin da malamanmu suka daɗe da faɗa

Wasu suna ɗauka maganar tausayin dabbobi baƙuwa ce da ta shigo ta intanet. Wanda ya zauna a zaure ya san ba haka ba ne.

Alƙur'ani ya halatta farauta da dabbar da aka horar, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, da sharaɗin a ambaci sunan Allah. Karen farauta yana cikin karnukan da hadisi ya ba da damar a riƙe, tare da na kiwo da na gona. Don haka babu wanda zai zo ya haramta wa Bahaushe farauta da sunan addini.

Amma a buɗe Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a kowane gari namu. A babin yanka da farauta ya raba abin gida biyu: farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Malamin Ƙairawan ya rubuta wannan fiye da shekara dubu da suka wuce.

Game da haɗa dabbobi faɗa, akwai hadisin Ibnu Abbas a wurin Abu Dawud da Tirmizi cewa Annabi (SAW) ya hana zuga dabbobi su yi faɗa da juna. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, na sani. To a ajiye shi a ɗauki wanda babu gardama a kansa. Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun kafa tsuntsu suna gwada harbi a kansa, suna ganinsa suka watse. Ya ce Manzon Allah ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Ga matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Ga wanda aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishi. Kare fa, wanda yaranmu ke bi da jifa daga wannan lungu zuwa wancan manya suna kallo.

"Turawa ne ke son su koya mana, alhali su ma suna yi"

A nan mai gardama yana da ƙafar tsayawa, kuma ba zan hana shi ba.

A Ingila tun 1835 majalisa ta haramta faɗan karnuka da na zakaru da sakar wa bijimi karnuka. Waɗannan duk wasannin talakawa ne, na ma'aikata da 'yan mashaya. Farautar dila kuwa, inda masu gonaki da masu sarauta ke hawa dawaki da jajayen riguna suna bin garken karnuka har su yayyaga dilar, ba a taɓa ta ba sai da dokar 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005. Shekara 170 ke nan tsakanin hana talaka da hana mai kuɗi. Dila ba ta fi kare jure cizo ba. Masu yin abin ne suka bambanta.

Har gobe haka ake. A Yulin 2015 wani likitan haƙori Ba'amurke ya biya kimanin dala dubu 50 aka kai shi bakin gandun Hwange a Zimbabuwe, ya harbi zakin nan da ake kira Cecil da kibiya, zakin ya kwashe sa'o'i da rauni kafin a ƙarasa shi. Ba nama yake so ba, kai da fata yake so ya kafa a bango. Masu kare irin wannan farauta suna cewa kuɗin yana tafiya wajen biyan masu gadin daji, kuma a wasu ƙasashen yana tafiya ɗin. Amma ɗan ƙauyen da ke gefen wannan gandu in ya ɗana wa gada tarko don miyar gidansa, ɓarawon daji za a kira shi.

Munafunci ne, na yarda. Sai dai munafuncin wani ba ya zama lasisi a gare ni. In Bature ya hana talakansa ya bar basarakensa, abin da ya nuna shi ne basaraken ma ya kamata a hana, ba a saki talakan ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma mun daɗe a kan namu muna hangen na wasu.

Farautar gayya

Ina so in taka a hankali a nan, domin mafarauta ba mutanen banza ba ne, kuma sun sha baƙin fenti ya isa haka. A ƙarshen 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka dafa wa sojoji aka ƙwato garin, da bindigar toka da kwari da baka. A Maris na 2025 kuma aka kashe mafarauta 16 'yan jihar Kano a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa gida yin Sallah, don kawai an gan su da bindigogin farauta an ce masu garkuwa da mutane ne. Wanda zai soki farauta bayan wannan dole ya san bakin da zai yi magana da shi.

Maharbin da na girma ina gani mutum ne shi kaɗai, ko shi da ɗansa. Ya san sawu, ya san iska, ya san inda gada ke shan ruwa. Yakan kwana a kan reshe yana jira. In ya samu, ya yanka, ya kawo gida, ya sayar da cinya, ya aika wa mai gari da kasonsa. In bai samu ba ya dawo da saiwoyi da sassaƙe, domin rabin sana'arsa magani ce. Wannan mutumin ba ni da ta cewa a kansa.

Farautar gayya ta zamanin nan wani abu ne daban. An gama kaka, an shiga hunturu, sai ka ga mota a-kori-kura ta wuce maƙare, matasa sun zauna har kan ƙarafa, karnuka a tsakanin ƙafafunsu, ga gora, ga adda, ga barandami, ga kiɗa. A sauka a bakin daji a yi sahu, a shiga da ihu. Duk abin da ya tashi an bi shi: zomo, gafiya, damo, bushiya, zabo, dila, mai ciki da mai shayarwa da wanda bai gama buɗe ido ba. Babu mai tsayawa ya tantance, domin a cikin wannan hayaniya babu lokacin tantancewa.

Na taɓa tsayawa kusa da inda karnuka suka cim ma zomo a gefen gona. Kafin mai karen farko ya iso, uku sun riga sun kama, kowanne yana ja ta nasa ɓangaren. Zomo yana da kuka, wanda bai taɓa ji ba ba zai yarda ba, siriri ne mai tsini. Da aka ƙwato shi da duka, abin da ya rage bai kai a ɗora tukunya dominsa ba. Aka ɗaga shi sama, aka yi ihu, aka yi kirari.

To a yi lissafi. Kuɗin mota, kuɗin abincin karnuka na shekara, wuni guda cur na mutum talatin ko arba'in, a dawo da zomaye kaɗan da gafiya. In nama ake nema, kuɗin motar kaɗai ya sayi akuya. Ashe ba nama ake nema ba. Bin ake so, da ihun, da a ce karen wane ne ya fara kamawa. Wannan ita ce farautar wasa da Risala ta ambata, ko an so ko an ƙi.

Akwai ma tambayar da na so malamai su riƙa yi wa masu gayya. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, an ce masa in ya tarar da wani kare tare da nasa a kan abin farauta, bai san wanda ya kashe ba, kada ya ci, domin a kan nasa ya yi bismilla ba a kan ɗayan ba. In kuma ya tarar da dabbar da rai, ya yanka. A inda karnuka ashirin na mutum goma suka rufar wa dabba ɗaya, wa ya saki wanne, wa ya ambaci sunan Allah, wa ya yanka kafin rai ya fita?

Sai wuta. Don a fito da gafiya daga rami ko a kori zomo daga ciyawa, sai a kyasta ashana. Iskar hunturu ta ɗauka. Ciyawar da makiyayi ke dogaro da ita har faɗuwar damina ta tafi, karan da manomi ya tara ya tafi, ƙananan kaɗanya da ɗorawa da suka fara tasowa sun ƙone, wani lokacin har da amfanin da ba a kwashe ba. Gobe a ji rikici tsakanin mutanen ƙauye da baƙin mafarauta, a yi ta mamakin daga ina.

Kuma ba dabba kaɗai ke zubar da jini a gayya ba. Duk wanda ya tashi a Kano ya san yadda farauta da tauri da daba suka cuɗanya. Gardama a kan wane ne ya fara bugu ko karen wa ya fara kamu takan koma sara, tsohuwar gaba tsakanin unguwa da unguwa a je a biya ta a daji inda babu hukuma. Barandamin da aka ɗauka ba don zomo aka ɗauke shi ba, kowa ya sani.

Shi kansa karen farautar, wanda ake yi wa kirari da safe, dubi yadda yake da yamma. Haƙarƙari a waje, kunne a yage, ƙaya a tafin ƙafa. Akwai mafarautan da ke kula da karnukansu fiye da yadda wasu ke kula da 'ya'yansu, na gani da idona. Akwai kuma waɗanda in kare ya tsufa ko ya karye sai a bar shi a dajin, mota ta tashi.

"Dabbar daji ta Allah ce, ba ta ƙarewa"

Tana ƙarewa. Tambayi duk dattijon da ya haura saba'in abin da yake gani a bayan garinsu yana yaro, ka tambaye shi yaushe rabonsa da ganin barewa. Sunayen gwanki da ɓauna da jimina sun rage a kirari da tatsuniya, yaranmu ba su san kamanninsu ba. Zaki a duk faɗin Najeriya bai rage ba sai 'yan tsiraru a Yankari da gandun Kainji. Mariri, mai dogayen ƙahonin nan da ke yawo a sahel, a shekarar 2000 aka ayyana cewa babu shi a daji ko'ina a duniya, sai da aka kwaso waɗanda ake kiwo a Abu Dabi aka fara sakinsu a Chadi a 2016.

Ba farauta kaɗai ta jawo ba, gaskiya. Noma ya ci daji, gawayi ya ci, fari ya ci, yawan jama'a ya ci. Dazuzzukan da aka keɓe don namun daji irin su Sambisa da Kamuku kuwa kowa ya san waɗanda suka koma ciki. Amma in abu ya riga ya yi ƙaranci, mai kashe na ƙarshen ba zai ce ba ruwansa ba.

Kuma ana iya juyawa. A Nijar, raƙuman dawan yankin Kure da ke kusa da Yamai sun ragu har suka koma 49 a 1996, su ne kaɗai irinsu da suka rage a Afirka ta Yamma. Gwamnati ta tsananta hana kashe su, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin, masu rakiyar baƙi suka fara samun abin sawa a baka daga masu zuwa kallo. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Manoman nan suna ƙorafin raƙuman na cin musu wake, amma ba su kashe su ba.

Kura, ƙaho da rago

Sauran wasanninmu ba sa bukatar dogon bayani, ma'aunin ɗaya ne.

Wasan kura: dabbar dare ce aka sa wa takunkumi da sarƙa, ana jan ta a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ana buga mata sanda in ta yi gardama, a ɗora mata yarinya a baya don a nuna asiri. Gardi yana neman abinci, na sani. Kurar fa, me ta samu?

Faɗan raguna da ake yi a Legas gab da Babbar Sallah, da caca a kai, shi kam babu bambanci tsakaninsa da na karnuka sai ƙarancin jini. Da yawan ragunan ma daga kasuwanninmu aka loda su. Yaran da ke haɗa ragunan Layya karo a unguwa ana tafa musu, daga nan ake farawa.

Hawan ƙaho ya fi ba ni wahalar yanke hukunci. Ba kamar wasan bijimi na Sifaniya ba ne, inda ake soke sa da mashi a doron wuya, a kafa masa tsinkaye, a ƙarasa shi da takobi a gaban dubban mutane. A namu, mahaucin da ya faɗa tsakanin ƙahoni shi ne ya fi shiga haɗari, san kuwa dama yanka za a kai shi. Duk da haka an ɗaure shi da igiya gaba da baya, ana ta kiɗa masa kalangu ana tsokanarsa har ya haukace, don jama'a su ji daɗi. Ba zan sa shi sahu ɗaya da shingen katako ba, amma ba zan ce san ya ji daɗin ranarsa ta ƙarshe ba.

Wani zai ce to dambe fa, ai shi ma jini ake zubarwa. Ɗan dambe shi ya naɗe hannunsa da kansa, shi ya shiga fili da ƙafarsa, in ya ga ba dama ya durƙusa a raba. Yana da kaso a kuɗin, yana da suna a gari. Ana iya muhawara a kan dambe ta wata fuskar, amma ba wannan ba ce.

Wa zai hana?

Ba doka ce babu ba. Tsohuwar dokar laifuka ta kudancin Najeriya, a sashe na 495, ta ambaci haɗa dabbobi faɗa a cikin laifukan zaluntar dabba, ta sa ɗaurin wata shida ko tarar naira 50. Naira hamsin, kuɗin da ba ya sayen ƙosai mai ƙosarwa. Ko da an ɗaga tarar, ɗan sandan da ke fama da 'yan bindiga ba zai bar su ya bi zomo ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ban kuma goyi bayan a wayi gari a ce an haramta farauta ɗungurum ba. Hakan zai hukunta maharbin kirki tare da ɗan gayya, ya mayar da mutanen da suka fi kowa sanin daji abokan gabar hukuma a lokacin da aka fi bukatarsu.

Masu iya gyara abin suna cikin sana'ar. Mafarauta suna da shugabanni, suna da sarkin dawa da sarkin baka, kuma maganarsu tana da nauyin da ta ɗan sanda ba ta da shi. Su ne za su iya cewa ba a sa wuta, ba a taɓa mai ciki da mai goyo, ba a shiga mota da makamin faɗa, wanda ya saɓa a cire shi daga ƙungiya. Limamin da ya yi huɗuba a kan hadisin kyanwa zai iya ƙarawa da na tsuntsun Ibnu Umar, iyayen masu danƙo suna zaune a sahu.

Tsarin hutar da wuri ma ba sai an aro shi daga ko'ina ba. A Argungu, yankin Matan Fada da ake yin gasar kamun kifi a rufe yake sauran watannin shekara, Sarkin Ruwa ne ke tsare da shi, ba a jefa koma sai ranar da aka buɗe. Shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga. Hakimi da sarakunan dawan ƙasarsa za su iya zama kafin hunturu su raba dazuzzukansu haka nan: wannan a shiga bana, wancan a bar shi shekara biyu, a sanar a kasuwa da masallacin Juma'a, a kuma aika wa ƙungiyoyin birni da ke zuwa da mota tun kafin su ɗaura wa karnuka igiya.